Gida ɗaya, takardu biyu: yadda Amurka ta warware rabin matsalar bashin gida bayan rabuwar aure

A watan Oktoban 1981, wanda ya je neman bashin sayen gida na shekara 30 a Amurka ya tarar da kuɗin ruwa ya haura kashi 18 cikin ɗari. A wannan shekarar kuma aure kusan miliyan 1.2 ya mutu a ƙasar. Masana tattalin arziki sun yi ta nazarin hauhawar kuɗin ruwan, masana zamantakewa kuma suna nazarin mutuwar auren, kowa a fagensa. Amma ga matar da alƙali ya bar wa gida da 'ya'ya, abubuwan biyu sun haɗu ne a takarda ɗaya, wato wasiƙar da banki ke iya aiko mata yana neman a biya shi dukan bashinsa nan take.

Kafin a fahimci dalilin wasiƙar, sai an san cewa gidan da aka saya da bashi yana tafe da takardu iri biyu. Akwai takardar mallaka, wadda ke faɗin mai gidan. Akwai kuma takardar alkawarin biyan bashi, tare da jinginar da ta ba banki ikon sayar da gidan idan aka gaza biya. Miji da mata kan sa hannu a kan duka biyun rana ɗaya, a teburi ɗaya, har su ɗauka abu guda ne. Sai ranar rabuwa suke gane cewa ta farkon tana sauya hannu da sa hannu ɗaya a gaban jami'in shaida, ta biyun kuwa ba ta motsi sai da yardar banki.

A cikin takardar jinginar akwai wani sharaɗi da bankuna suka daɗe suna sakawa: idan aka sayar da gidan, ko aka mayar da mallakarsa ga wani ba tare da izininsu ba, suna da damar neman ragowar bashin gaba ɗaya. Lokacin da kuɗin ruwa yake a kwance, ba wanda ya damu da wannan sharaɗi, domin banki bai da ribar karɓe bashin da zai sake bayarwa a kan farashi ɗaya. Hauhawar farashin shekarun 1970 ce ta farkar da shi. Cibiyoyin ajiya da lamuni, waɗanda su ne ƙashin bayan bashin gida a lokacin, sun tsinci kansu riƙe da tsofaffin basussuka masu ruwa kashi 6 ko 8, alhali suna biyan masu ajiya fiye da haka. Duk wani sauyin suna a takardar mallaka ya zama wata dama ta kashe tsohon bashi mai araha. Lissafin ba shi da wuya: bashin dala 50,000 na shekara 30 a kan kashi 8 yana cin kimanin dala 367 a wata, a kan kashi 18 kuwa ya kai dala 754.

Rigimar ta fara ƙamari a jihar Kalifoniya. A 1978 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar Wellenkamp da Bank of America. Matar da ta kai ƙarar ta sayi gida ne a 1975 da niyyar ci gaba da biyan bashin masu gidan na farko, banki kuwa ya ce sai dai ta yarda a ƙara ruwan ko ta biya duka. Kotu ta ce banki ba zai zartar da sharaɗin ba sai ya nuna cewa sauyin mallakar yana barazana ga jinginarsa. Son ƙarin riba kaɗai bai isa hujja ba. Murnar masu gidaje ba ta daɗe ba. A watan Yunin 1982, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar de la Cuesta cewa ƙa'idar da hukumar tarayya mai kula da cibiyoyin lamunin gida ta fitar a 1976 ta fi ƙarfin dokar jiha, don haka cibiyoyin da ke da rajistar tarayya suna iya zartar da sharaɗinsu. Ƙasa ta rabu biyu: makomar gida ta dogara ga jihar da yake da kuma irin rajistar wanda ya ba da bashin.

Majalisar dokoki ta shigo bayan wata huɗu. A ranar 15 ga Oktoban 1982 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ake kira da sunan Sanata Jake Garn na jihar Yuta da ɗan majalisar wakilai Fernand St Germain na jihar Rod Ailan. Manufarta ceto cibiyoyin lamuni ce, kuma a kan wannan sharaɗi bankuna ne suka yi nasara, domin dokar ta halatta shi a faɗin ƙasar. Sai dai ta ware wasu sauye-sauyen mallaka da banki ba zai taɓa ba, idan gidan zama ne mai sassa ƙasa da biyar. Daga ciki akwai gidan da ya koma hannun dangi bayan rasuwar mai bashi, da wanda aka mayar wa mata ko miji ko 'ya'ya, da kuma wanda ya zama na ɗaya daga cikin ma'aurata ta hanyar hukuncin saki, ko yarjejeniyar rabuwa a gaban shari'a, ko rabon dukiyar da ya biyo baya. Abin lura a nan shi ne, Reagan ɗin ne, yana gwamnan Kalifoniya, ya sa hannu a 1969 a dokar farko a ƙasar da ta ba da damar raba aure ba tare da an ɗora wa ɗayan laifi ba.

Banki ba shi ne kaɗai ke jiran masu rabuwa a bakin ƙofa ba, akwai hukumar haraji. A 1962 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Davis, mutumin da ya bai wa matarsa hannun jarin kamfanin du Pont a yarjejeniyar rabuwarsu, cewa wannan tamkar sayarwa ce, don haka zai biya haraji a kan ƙaruwar darajar jarin. Hukuncin ya shafi gidaje ma. Wanda ya bar wa tsohuwar matarsa gida yana iya samun takardar haraji a kan ribar da bai taɓa riƙewa ba, yayin da ma'aurata a jihohin da doka ta ɗauki dukiyar aure a matsayin ta tarayya, irin su Kalifoniya da Tekzas, kan tsira idan sun raba daidai. Sai a 1984 majalisa ta gyara wannan da sashe na 1041 na dokar haraji: babu haraji a lokacin da dukiya ta wuce tsakanin ma'aurata ko waɗanda suka rabu saboda rabuwar. Harajin bai ɓace ba, jinkirta shi aka yi. Wanda ya karɓi gidan ya gaji farashin sayensa na asali, kuma da shi za a auna ribarsa ranar da ya sayar.

Zuwa tsakiyar shekarun 1980, ke nan, takardar mallaka ta samu hanya. Takardar bashi ce aka bari inda take, kuma har yau tana nan.

Dokar 1982 ta hana banki neman kuɗinsa saboda saki, amma ba ta umurce shi ya cire sunan kowa daga bashin ba. Idan miji da mata suka sa hannu tare, kowannensu yana ɗauke da bashin gaba ɗaya, ba rabi ba. Alƙalin da ya raba auren yana iya rubuta cewa matar ce za ta ci gaba da biya, amma banki ba ya cikin shari'ar, hukuncin bai ɗaure shi ba. Mijin da ya sa hannu ya sallama haƙƙinsa na gidan ya fita ba shi da ko tubali ɗaya a ciki, bashin kuwa yana wuyansa. In aka yi lattin biya, tarihin bashinsa ne zai ɓaci tare da nata. In ya je neman bashin wani gida, sai ya yi bayanin wancan. Abin da ya rage masa shi ne ya koma kotun iyali ya yi ƙarar ta da ƙin bin umurni, bayan ɓarnar ta riga ta auku. Wadda ta zauna a gidan ma ba ta huta ba. Idan sunan mijin ne kaɗai a kan bashin, takan zama mai gidan da kamfanin karɓar biya ba ya ko yarda ya gaya mata nawa ya rage, domin a wurinsa baƙuwa ce. Wannan giɓi ya ɗauki fiye da shekara talatin kafin hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta fitar da ƙa'idojin da suka fara aiki a watan Afrilun 2018, waɗanda suka wajabta wa kamfanonin su tantance irin wannan magajin mallaka, su kuma ba shi bayani da kariya irin ta mai bashi.

Hanyoyin raba bashin da gaske uku ne. A sayar da gidan a biya banki a raba saura. Ko wanda zai zauna ya ci sabon bashi da sunansa shi kaɗai ya biya tsohon. Ko ya nemi banki ya yarda ya ɗauki tsohon bashin da sharuɗɗansa, a rubuta wa ɗayan takardar sallama. Ta biyun ce lauyoyi suka fi rubutawa a yarjejeniya, kuma ita kanta sabuwar aba ce ga mata: kafin dokar daidaita damar samun bashi ta 1974, banki na iya rage ƙimar albashin mace ko ya nemi namiji ya tsaya mata, saboda kawai ita bazawara ce. Ta ukun tana yiwuwa musamman a basussukan da gwamnatin tarayya ta tsaya wa, kamar na tsofaffin sojoji, amma sai an auna kuɗin shigar mutum ɗaya a kan bashin da aka ba mutum biyu, kuma a nan da yawa ke faɗuwa.

Shekaru da dama wannan rauni bai fito fili sosai ba, saboda daga 1981 kuɗin ruwa ya yi ta sauka, sabon bashi kan zo da sauƙi fiye da tsohon. A watan Janairun 2021 ya sauka zuwa kashi 2.65, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. A watan Oktoban 2023 ya kusa kashi 8. Bashin dala 300,000 a kan kashi 3 yana cin kimanin dala 1,265 a wata, a kan kashi 7 kuwa kusan dala 2,000. Ma'auratan da suka sayi gida a 2021 suka rabu a 2024 sun tarar da kansu a inda iyayensu suka tsaya a 1981: tsohon bashin ya zama kadara, wani lokaci mafi daraja a cikin abin da za a raba. Shi ya sa ake samun waɗanda kotu ta raba aurensu amma sunayensu na nan tare a takardar banki, suna rubuta wa juna sharaɗi a yarjejeniya cewa in biya ya yi latti sau biyu ko uku, za a sa gidan a kasuwa.