Alfadari a Cikin Leda

Ranar da na fara jin wani dillali a Landan yana cewa yana da alfadari na sayarwa, sai da na leƙa bayan teburinsa. Ashe kwabo ashirin na Ingila ya zaro daga 'yar leda. A bakin masu tara sulalla, "mule", wato alfadari, shi ne kuɗin da aka buga fuskarsa da tambarin wani zane, bayansa da na wani, kamar yadda jaki da goɗiya kan haifi abin da shi ba doki ba, ba jaki ba. Nasa na 2008 ne. A shekarar an sauya zane, aka ɗauke shekara daga baya aka mayar gaba, sai aka haɗa tsohuwar fuska da sabon baya, kuɗin ya fito babu shekara ko ɗaya a jikinsa.

Na daɗe a wannan harka, kuma yawancin sunayen da muke tinƙaho da su, in ka bi salsalarsu, kuskure ne ko ba'a. Hukuma ta raɗa suna, jama'a su yi mata kunnen uwar shegu su raɗa nasu, kuma nasun ne ke zama.

Dubi santi goma da Amurka ta buga daga 1916 zuwa 1945. Adolph Weinman mace ya zana, alamar 'yanci, sanye da hula mai fikafikai. Mutane suka ga fikafikan suka ce ai Mercury ne, gunkin Rumawa. Yau ka shiga kowace kasuwar sulalla ka ambaci sunan hukuma, za a san baƙo ne kai. Haka santi biyar na James Earle Fraser, da aka fara bugawa a 1913: ana ce masa ɓauna, alhali dabbar da ke jiki 'yar uwar ɓauna ce kawai. A 1937 kuma, a gidan buga kuɗi na Denver, aka goge wani tambari fiye da kima har ƙafar gaba ɗaya ta ɓace. Ɓauna mai ƙafa uku ke nan. Na taɓa riƙe ɗaya ƙarƙashin madubi, kofaton na nan a ƙasa, ƙafar ce babu.

Turawan Ingila sun fi iya shaguɓe. Kwabo biyun da Matthew Boulton ya buga da injin tururi a Soho, kusa da Birmingham, a 1797, nauyinsa ya kai giram 56, ga kauri ga faɗin baki, suka ce masa "cartwheel", ƙafar amalanke. Fatakar Sarauniya Victoria ta 1849 kuwa, da aka cire mata kalmomin Latin masu nufin "da yardar Allah", nan take aka yi mata laƙabi da marar ambaton Allah, kuma zuwa 1851 an canza zanen.

Sabbin kalmomin daga kasuwa suka fito. Tun 1949 William Sheldon ya tsara ma'aunin kyan kuɗi daga 1 zuwa 70, a 1986 kuma kamfanin PCGS ya fara rufe kuɗi ruf cikin roba mai tauri da lambar darajarsa. Aka ce wa robar "slab", falalen dutse. Wasu dattawan harkar akwatin gawa suke ce mata, kuma ina tare da su. Kuɗin da ba ka ji kaifin gefensa a yatsa ba, ba ka ji ƙararsa a kan tebur ba, hoto kawai ka saya.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe ya samo asali, har ya shiga dokar ƙasa tare da naira a 1973. Anini kuwa, ɗaya bisa goma na tsohon kwabo, mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, ya daina sayen komai tun tuni, amma sunan ya haye kafaɗar hafsoshin soja da 'yan sanda. Ina da guda uku da na samo a ƙasan adakar kakata, a zarge da zare ɗaya, har yanzu ban kwance su ba.