Motocin Nairn da Hanyar Hamada Tsakanin Dimashƙa da Bagadaza

Tsakanin Dimashƙa, babban birnin Siriya, da Bagadaza, babban birnin Iraƙi, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar hamada da Larabawa suke kira Badiyatush Sham, wato dajin ƙasar Sham, wadda tsawon hanyar da motoci suka riƙa bi a cikinta ya kai kimanin kilomita 880, abin da ya ɗan gaza nisan Kano zuwa Legas. Mafi yawan tsakiyar wannan daji fako ne mai tauri wanda tsakuwa ta lulluɓe, mutanen wurin suna ce masa hamad, kuma babu tudun rairayi mai yawa a cikinsa da zai riƙe ƙafar dabba ko tayar mota. Wannan hali na ƙasar shi ne ya sa aka iya kafa harkar jigilar fasinja tsakanin biranen biyu shekaru masu yawa kafin a zuba kwalta ko a kafa alamar hanya, kuma kamfanin da sunansa ya fi fita a wannan sana'a shi ne na wasu 'yan'uwa biyu mutanen Niyu Zilan, Norman da Gerald Nairn, wanda ya yi aiki daga 1923 zuwa 1959.

Kafin zuwan mota, matsalar wannan daji ita ce ruwa, domin rijiyoyinsa kaɗan ne kuma suna nesa da juna. Malaman tarihin Musulunci sun ruwaito cewa a shekara ta 13 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 634, lokacin da Halifa Abubakar ya umarci Khalid ɗan Walid, Allah ya yarda da su, ya tashi daga Iraƙi ya kai ɗauki Sham, sai da rundunarsa ta shayar da raƙuma har suka cika ciki, aka ɗaure bakunansu don kada su yi tuƙa, sannan aka riƙa yanka su zango-zango ana shayar da dawaki da ruwan cikinsu, a ƙarƙashin jagorancin wani masanin daji mai suna Rafi'u ɗan Umaira. A ƙarnonin baya-bayan nan fataucin wannan hanya ya koma hannun Uƙailawa, wato fataken da asalinsu yankin Ƙasim ne a ƙasar Najadu, waɗanda suka zauna a Bagadaza da Dimashƙa suna ba da hayar raƙuma, suna fitar da madugai, suna kuma biyan kuɗin wucewa ga shugabannin ƙabilun makiyaya da ayari zai ratsa ƙasarsu. Ayarin kaya yakan share makonni a hanya, yayin da ɗan aike a kan raƙumin gudu yakan kai wasiƙa cikin kwana goma ko abin da ya yi kusa da haka. Da aka buɗe Mashigin Suwez a 1869 sai ciniki mai nauyi ya koma ruwa, har ta kai wasiƙar da aka aika daga Bagadaza zuwa Landan takan gangara Basra, ta shiga jirgin ruwa ta zagaye tsibirin Larabawa, ta yi kusan mako shida kafin ta isa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rushe Daular Usmaniyya ta Turkiyya wadda ta daɗe tana mulkin waɗannan ƙasashe, kuma a taron San Remo na 1920 aka danƙa wa Faransa riƙon Siriya da Labanon, aka danƙa wa Birtaniya riƙon Iraƙi da Falasɗinu. Ta haka Birtaniya ta sami kanta da ƙasashe biyu a hannu, ɗaya a bakin Bahar Rum ɗaya a bakin Tekun Fasha, hamada kuwa ta raba tsakaninsu. Norman da Gerald Nairn, waɗanda suka yi aikin soja a yankin lokacin yaƙin kuma tun a gida suna da ƙwarewa a kan babura da injuna, ba su koma ƙasarsu ba bayan an sallame su, sai suka buɗe cinikin motoci a Bairut a 1919. Da kasuwa ta ƙi, sai suka mai da motocin da suka kasa sayarwa na haya tsakanin Bairut da Haifa, a kan wata hanya marar kyau wadda a tsakanin Akka da Haifa ma ba ta wanzu ba, sai dai direba ya bi ta kan jiƙaƙƙen yashin bakin teku.

A watan Afrilu na 1923, bisa roƙon ƙaramin jakadan Birtaniya a Dimashƙa, kamfanin ya tura motoci uku, Buick da Oldsmobile da Lancia, don a gwada ko za a iya ratsa hamadar kai tsaye zuwa Bagadaza, kuma sun isa cikin kwana uku. Littattafan Turawa sukan ba da wannan labari kamar 'yan'uwan ne suka gano hanyar, alhali kuwa mutumin da ya sa tafiyar ta yiwu shi ne Alhaji Muhammadu ɗan Bassam, wani attajiri daga zuriyar fataken Najadu, wanda ya riga ya san dajin ta hanyar safarar zinariya tsakanin biranen biyu, ya san inda rijiyoyi suke, ya kuma san wane shugaban ƙabila ne maganarsa take da nauyi a kowane yanki. Shi ne ya ba da jagororin daji, kuma ta hannunsa aka riƙa biyan ƙabilu kuɗi kowace shekara don su bar motocin su wuce lafiya. Wanda ya duba al'amarin da idon basira zai ga cewa tsarin ayari ne aka ɗauko ɗungurungum, da jagabansa da kuɗin wucewarsa da zangonsa, aka ɗora shi a kan inji, kuma rashin ambaton wannan attajiri yadda ya kamata tauye haƙƙi ne a rubutun tarihin hanyar.

Bayan an maimaita gwajin sau da dama, gwamnatin Iraƙi ta ba kamfanin kwangilar shekara biyar ta ɗaukar wasiƙu tsakanin Bagadaza da Haifa, da sharaɗin a kai su cikin awa 60, in kuma aka makara a biya tara. An fara aikin a watan Oktoba na 1923, kuma nan take wasiƙar Landan ta koma kwana tara zuwa goma, domin daga Haifa jirgin ƙasa yakan kai ta Masar, daga can kuma jirgin ruwa ya haye da ita Turai. Kuɗin wasiƙun ne ya riƙe kamfanin, fasinja kuma suka biyo baya. Motocin da aka fi dogara da su a wancan lokaci Cadillac ne masu kujeru bakwai, waɗanda aka ƙara musu tankin mai da na ruwa, aka ɗaure musu tayoyin safaya da jakunkunan wasiƙu a gefe da baya, har mota takan yi kama da raƙumin da aka labta wa kaya. Direbobin farko, yawancinsu tsofaffin sojoji ne daga Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan, kowannensu sai ya zama makanike ne kuma, domin in sifirin ya karye ko lagireto ya huje a tsakiyar daji babu mai gyara sai shi. Sukan tashi a jere, mota biyu ko fiye, su yi tafiya dare da rana ba tare da tsayawa ba sai don cin abinci da canjin taya, suna bin sawun motocin da suka gabata in ana ganinsa, in kuma ya ɓace su koma ga kamfas da taurari. Da bazara zafin ƙasa yakan fasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa taya ta zama abin da ya fi cin kuɗin kamfanin. Da hunturu kuwa, lokacin da ruwan sama yake sauka a wannan yanki, fakon nan mai tauri yakan rikiɗe ya zama taɓo, mota ta kafe har gindinta ya zauna, fasinja su kwana ɗaya ko biyu a wurin suna jiran ƙasa ta sha iska.

Tsaron da aka saya da kuɗi yana aiki ne muddin akwai zaman lafiya, kuma an ga iyakarsa a 1925, lokacin da boren da ya fara daga Dutsen Duruz ya bazu a Siriya don korar mulkin Faransa. An kai wa jerin motoci farmaki a kusa da Dimashƙa, abin da ya tilasta wa kamfanin ya karkata na wani lokaci ta Ƙudus da Amman, inda motoci suka riƙa bin wani kwarin garma da sojojin saman Birtaniya suka ja a ƙasa tun 1921 don matuƙan jirage su riƙa ganinsa daga sama suna bi. Wannan hanya ta ratsa ta cikin harra, wato filin baƙaƙen duwatsun aman wuta masu kaifi, waɗanda suke yayyaga taya su kuma karya ƙarfen mota. A wannan zamani ne aka gina ganuwa a rijiyoyin Ruɗba, kusan tsakiyar tafiyar a ɓangaren Iraƙi, aka sa mata 'yan sanda da wayar iska da masauƙi mai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, kuma jiragen kamfanin Imperial Airways ma suka riƙa sauka a nan. Daga Ruɗba sai Ramadi, inda aka riƙa duba fasfo da kaya, sannan a haye Kogin Furatu a Falluja a nufi Bagadaza. A 1926 kamfanin ya haɗe da babban abokin hamayyarsa, wanda iyalin Kettaneh na Bairut suka kafa yana bin hanyar Tadmur.

Daga nan tarihin ya zama na girman motoci. A 1927 aka kawo motocin safa masu taya shida daga Filadelfiya ta Amurka, masu ɗaukar fasinja 16, waɗanda suka mai da tafiyar kusan yini da kwana ɗaya. A farkon shekarun 1930 aka sayo wata doguwar safa ƙirar Marmon-Herrington mai kai da tirela, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 21, aka kuma riƙa ambatonta a matsayin safa mafi girma a duniya a lokacin. Waɗanda suka fi shahara su ne na 1937, da kamfanin Budd ya ƙera da ƙarfen da ba ya tsatsa, aka toshe duk wata kafa a jikinsu don kada ƙura ta shiga, aka sa musu na'urar sanyaya iska, wadda a wancan zamani ko a Turai da Amurka ba kasafai ake samunta a motar haya ba. A ciki akwai kujeru masu kwantawa, da ɗan madafi, da makewayi, da ma'aikaci mai kawo abinci da shayi da ruwan ƙanƙara, yayin da a waje zafi yake narkar da kwalta in da akwai ta. Safar takan bar Dimashƙa da la'asar don ta yi mafi yawan tafiyar cikin sanyin dare, ta tsaya Ruɗba a sha mai, ta shiga Bagadaza da hantsi, cikin awa 18 ko ƙasa da haka.

Masu hawa waɗannan motoci baƙi ne mafi yawa: jami'an gwamnati da matansu, ma'aikatan kamfanonin mai, jakadu, masu haƙar kayan tarihi, da attajiran Bagadaza masu zuwa shan iska a duwatsun Labanon. Matafiyi daga Landan yakan hau jirgin ƙasa zuwa Istanbul, ya haye mashigin ruwa ya sake hawa wani zuwa Sham, sannan safar Nairn ta cike masa giɓin da dogo bai kai ba. Marubuciyar nan ta Ingila, Agatha Christie, ta bi wannan hanya a 1928, daga baya kuma ta gina ɗaya daga cikin gajerun labaranta a cikin irin wannan safa. Sai dai kuɗin tikiti ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, don haka mafi yawan waɗanda suka ratsa hamadar a waɗannan shekaru ba su taɓa zama a kujerar Nairn ba. Maniyyata daga Iraƙi da Iran masu nufin Bairut don hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, da masu ziyarar Najaf da Karbala, da ƙananan 'yan kasuwa da ɗalibai, sun bi sawun da aka buɗe ne a cikin tsofaffin motoci da manyan motocin kaya na 'yan ƙasa, a cunkushe a kan buhuna, cikin ƙura da ƙishirwa, kuma idan motarsu ta lalace ko ta saki sawu babu tabbacin wani zai fito nemansu. Su ne suka fi yawa, su ne kuma labarinsu ya fi ƙaranci a rubuce, saboda ba su bar littattafan tafiya ba kamar yadda fasinjojin safa suka bari. Uƙailawa kuwa, waɗanda iliminsu ya buɗe hanyar, sana'arsu ta raƙuma ta riƙa ja da baya har ta mutu a tsakiyar ƙarnin.

Abubuwan da suka kawo ƙarshen kamfanin sun taru ne sannu a hankali. Bututun mai daga Kirkuk zuwa Haifa da Ɗarabulus ta Labanon, wanda aka kammala a 1934, ya zo da tashoshin tura mai da rijiyoyi da wayar tarho a cikin dajin, daga baya kuma aka shimfiɗa kwalta daga Haifa zuwa Bagadaza, ta yadda ƙwarewar ratsa daji ta daina zama abin da kamfani ɗaya ya mallaka. A 1940 aka haɗa dogo daga Istanbul har Bagadaza, sai matafiyin Turai ya daina buƙatar hawa safa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirgin sama ya kwashe masu hannu da shuni, waɗanda dama su ne ginshiƙin cinikin, yaƙin Falasɗinu na 1948 kuma ya rufe hanyar Haifa baki ɗaya. Ƙasashen da suka sami 'yancin kai, Iraƙi a 1932 da Siriya a 1946, sun tsananta harajin kwastan da binciken kan iyaka, kuma ba su da dalilin fifita kamfanin baƙi a kan na 'ya'yansu. Gerald ya koma Niyu Zilan jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Norman kuma ya miƙa kamfanin ga ma'aikatansa a 1950, suka ci gaba da gudanar da tsofaffin safofin na 1937 har zuwa 1959, shekara guda bayan juyin mulkin da ya kawar da sarautar Iraƙi.