BABI NA UKU: TARIHIN BIJIREWAR ƘWAYOYIN CUTA GA FENISILIN DA MAGUNGUNAN DA SUKA BIYO BAYANSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ƙwayoyin cuta na bakteriya suka fara bijire wa magungunan kashe su. An zaɓi ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke haddasa maruru da ruɓewar rauni da gurɓatar jini, domin ita ce tarihinta ya fi fitowa fili.

3.1 Samuwar Fenisilin

A shekarar 1928 ne Alexander Fleming, wani likita mai bincike a asibitin St Mary's da ke Landan, ya lura cewa wata hunhuna da ta tsiro a farantin da yake renon wannan ƙwayar cuta ta kashe ƙwayoyin da ke kewaye da ita. Ya sa wa sinadarin suna fenisilin, ya kuma buga sakamakonsa a 1929. Sai dai bai iya tace shi ya zama magani ba. Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford ne suka yi wannan aiki, har aka gwada shi a jikin ɗan'adam a 1941.

Fenisilin yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cuta gina bangon da ya lulluɓe ta. Idan bangon ya raunana, sai ta fashe ta mutu.

3.2 Farkon Bijirewa

Abin lura a nan shi ne, tun a 1940, wato kafin maganin ya shiga asibitoci, Edward Abraham da Chain sun gano cewa wasu ƙwayoyin suna fitar da wani sinadari mai wargaza fenisilin, wanda aka kira fenisilines. Shi kansa Fleming, a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Nobel a 1945, ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da kima zai bar wasu ƙwayoyin da rai, su kuma saba da shi.

Ba a daɗe ba gargaɗin ya tabbata. Mary Barber ta asibitin Hammersmith a Landan ta nuna cewa a 1946 kimanin kashi 14 cikin ɗari na ƙwayoyin Staphylococcus da aka samu a jikin majinyata ne ba sa jin fenisilin. A 1947 adadin ya kai kashi 38, a 1948 kuma kashi 59. Dalili kuwa shi ne, maganin yana kashe masu rauni ya bar masu fitar da fenisilines, su kuma sai su hayayyafa su cike gurbin.

3.3 Zuwan Metisilin

Don magance wannan matsala, kamfanin Beecham na Ingila ya samar da metisilin a 1959, wanda fenisilines ba ya iya wargaza shi. Amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton ƙwayoyin da suka bijire masa, waɗanda ake kira MRSA. Dabarar waɗannan ta bambanta da ta farko: sun mallaki wata ƙwayar gado mai suna mecA, wadda ke ba su wani sabon sinadarin gina bango da maganin ba ya iya maƙalewa a jikinsa. Daga nan likitoci suka dogara ga bankomaisin, shi ma a 2002 aka samu ƙwayar da ta bijire masa gaba ɗaya a jihar Michigan ta Amurka.

3.4 Yadda Bijirewa Ke Yaɗuwa

A da an ɗauka cewa ƙwaya tana gadar wa 'ya'yanta kaɗai wannan hali. A 1959 masu bincike a Japan suka nuna cewa ƙwayar Shigella mai kawo atini tana iya musayar halin bijirewa da ƙwayar Escherichia coli, ko da yake ba jinsinsu ɗaya ba. Ana yin wannan ne ta wasu ƙananan zobban kayan gado da ake kira filasmid. Bayan hanyoyi biyun da aka ambata, akwai ƙwayoyin da ke toshe ƙofofin da magani ke shiga, akwai kuma masu tunkuɗo shi waje bayan ya shiga.

Bugu da ƙari, binciken da aka buga a 2011 ya gano ƙwayoyin gado na bijirewa a cikin daskararriyar ƙasa mai shekara 30,000 a yankin Yukon na Kanada. Wannan ya nuna cewa ba magungunan ne suka ƙirƙiro bijirewa ba. Yawan amfani da su a asibitoci da wajen kiwo ne ya ba ta damar bunƙasa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙara musu ƙiba a 2006.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa duk maganin da aka ƙaddamar a kan wannan ƙwaya, bijirewa ta biyo bayansa, wani cikin shekara biyu, wani bayan shekaru masu yawa. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 a sanadiyyar wannan matsala kai tsaye, kuma idan aka yi la'akari da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki asarar rayuka. Ke nan mai sayen kafso biyu ko uku a kemis ba tare da takardar likita ba, yana maimaita kuskuren da Fleming ya yi gargaɗi a kansa ne. Babi na gaba zai duba matakan da hukumomin lafiya suka ɗauka.