Asalin Birnin Jamshedpur

A farkon ƙarni na 20, in mutum ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kalimati a gabashin Indiya, ba abin da zai tarar sai kurmi da gonakin shinkafa. Can gaba kaɗan akwai wani ɗan ƙauye, Sakchi, kusa da inda kogin Kharkai ya haɗu da Subarnarekha. Mutanen yankin manoma ne, irin su Santal da Ho.

To, akwai wani attajiri a Bombay mai suna Jamsetji Tata, wanda ya yi arziki da masaƙa, amma ransa na kan ƙarfe. Ya ga Indiya na sayen ƙarafan dogo daga Ingila alhali ga tama kwance a ƙasarta. A 1902 ya je har Amurka neman gwanayen aikin, ya samo injiniya Charles Page Perin. Sai dai Allah bai nufe shi da ganin abin da ya ƙulla ba, ya rasu a 1904, ɗansa Dorabji ya ɗora daga inda ya tsaya.

Tamar dai an same ta. Wani masanin ma'adinai, P. N. Bose, ya nuna wa mutanen Tata duwatsun Gorumahisani cike da ita, ga kuma kwal a Jharia. Ruwa ne ya zame musu alaƙaƙai, domin ma'aikatar narka ƙarfe shan ruwa gare ta ba na wasa ba. Da farko sun yi niyyar kafawa a Sini, ruwan wurin ya gaza. Ana cikin yawon dube-dube aka faɗo Sakchi: koguna biyu, ga layin dogo a kusa. Shi ke nan, aka sauke kaya.

An kafa kamfanin ƙarfe na Tata a 1907. Masu kuɗin Landan suka noƙe, sai Indiyawa wajen 8,000 suka saye hannun jarin cikin mako uku. An ce wani babban Baturen jirgin ƙasa, Frederick Upcott, ya yi ba'a cewa zai cinye duk ƙarfen dogon da suka iya ƙerawa. A 1912 ƙarfen farko ya fito. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kamfanin ya ba Ingila ƙarafan dogo na mil 1,500, Baturen kuwa ko loma ɗaya bai kai baki ba.

A 1919 Gwamna Janar Chelmsford ya raɗa wa garin suna Jamshedpur, tashar Kalimati ta koma Tatanagar. Gonaki suka zama unguwannin ma'aikata, manoma da dama suka ajiye fartanya suka shiga lebaranci, baƙi suka yi ta kwararowa. A 1954 aka fara haɗa manyan motocin Tata a garin.

Ƙidayar 2011 ta nuna mutum fiye da miliyan 1.3 a birnin da kewayensa. Har yau kamfanin ƙarfen ne ke ba babban ɓangaren garin ruwa da wuta, shi ke kwashe shara.