Kanar, Laftanar da Sajan: Inda Bakin Bature Ya Saɓa wa Alƙalaminsa

Duk wanda ya taso yana sauraron labarun rediyo a zamanin mulkin soja ya san Kanar. Gwamnonin jihohi da yawa wannan muƙami suke riƙe da shi, sunan kuwa ya zauna a bakin kowa, har da tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Rikicin yana somawa ne ranar da yaro ya ci karo da kalmar a littafin Turanci. Zai ga an rubuta "colonel", ya ɗora yatsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya masa a darasin Hausa, ya ce ko-lo-nel. Malam ya daka masa tsawa, ya ce "kanal" ake cewa. In yaron mai ƙarfin hali ne ya tambayi ina "lo" ɗin tsakiya ya shige, abin da ya fi samu shi ne: haka Turanci yake. Maganar ba ƙarya ba ce, amma amsar rago ce.

Asalin kalmar daga Italiya take. Can ana kiran jerin sojojin da ke tafiya a sahu "colonna", shugaban jerin kuma "colonnello". Faransawa suka ara, harshensu ya ƙi jera "l" biyu kusa da juna, suka mai da ta farkon "r", kalmar ta koma "coronel". A wannan siffa ta tsallaka Ingila a ƙarni na 16, ana rubuta ta haka, ana furta ta haka. Daga baya masu ilimi suka lura cewa da "l" take a gidansu na asali, sai suka gyara rubutun. Baki bai bi su ba. Sojan bariki ya ci gaba da faɗin abin da ya saba, har ma ya ƙara haɗiye wasalin tsakiya. Shi ya sa har gobe Ba'amurke ke furta "r" ɗin da babu shi a takarda.

Bahaushe bai shiga wannan tarko ba domin da kunne ya karɓi kalmar. Tun 1897, da aka ɗora wa Lugga alhakin kafa rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, Hausawa suka cika bariki, Hausa ta zama harshen da ake ma'amala da shi a ciki. Abin da hafsa ya furta a filin fareti, shi kurtu ya maimaita. Shi kuwa "r" na ƙarshen Kanar namu ne na gida: Hausa kan juya "l" na ƙarshen kalmar aro zuwa "r", kamar yadda ta yi wa tebur da Janar da Kofur.

Laftanar ya ma fi tona asiri. A rubuce "lieutenant" ne, babu "f" ko ɗaya a ciki. Kalmar Faransanci ce mai ɓangare biyu, "lieu" wuri, "tenant" mai riƙewa, wato mai riƙon ƙwarya idan babba ba ya nan. Amurkawa suna cewa "lutenant", sun fi kusa da takarda. Mutanen Ingila kuwa "leftenant" suke cewa, kuma tsofaffin rubuce-rubucensu sun nuna an daɗe ana jin wannan "f" a bakinsu, tun ɗaruruwan shekaru. To da ka ji Bahaushe ya ce Laftanar, ka san wanda ya mulke shi. Da Amurkawa ne suka zo Kano a 1903, da wani suna daban muke kira yau. Sajan ma haka: ana rubuta "ser" a farkon "sergeant", ana furta "sar". Akwai lokacin da "er" ya riƙa komawa "ar" a bakin mutanen Ingila. A wasu kalmomi rubutu ya bi sawu, "sterre" ta koma "star", a wasu kuma ya noƙe. Mu dai "sa" muka ji, muka yi Sajan da Saje, muka dunƙule mai igiyar da ke sama da shi ya zama Samanja, sunan da Usman Baba Pategi ya kai kowane gida ta wasan kwaikwayo.

Muƙaman soja ɗan misali ne kawai. Rubutun Turanci kamar gidan gado yake, kowane zamani ya zo ya manna ɗakinsa, babu wanda ya yarda a rushe na kakansa. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, marubutansu suka shigo da nasu salon: "cwen" ta tsohon Turanci ta wayi gari "queen". A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a unguwar Westminster. Ya daɗe zaune a birnin Buruj da ke Beljiyam ta yau, kuma galibin masana na ganin daga salon rubutun mutanen can aka samo "h" ɗin da ke cikin "ghost".

Babbar ɓarnar dai ita ce lokacin da injin ɗab'i ya zo. Ya iske baki yana tsakiyar ƙaura. Daga wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta sauya mazauni. Kalmar "house" a da "huus" ake ce mata, kamar yadda har yanzu wasu mutanen Sikotilan ke faɗa. "Time" kuwa "tiim" ce da ɗan wasali a ƙarshe. Takarda ta daskare a kan tsohon furuci, baki ya yi gaba abinsa. Da yawa daga baƙaƙen da muke kira kurame a yau sun taɓa magana. Ɗauki "knight". Ana furta "k" ɗin farko sarai, "gh" kuma wani sauti ne mai gogar ganɗa, ɗan'uwan wanda almajiri ke fitarwa in ya zo kan harafin farko na "khairan". Jamusawa ba su yar da shi ba, yana nan a "Knecht" da "Nacht". Turawan Ingila suka daina furtawa, suka ci gaba da rubutawa, mu kuma muke shan bulala a kai.

Waɗannan aƙalla sun taɓa rayuwa. Akwai haruffan da tun fil'azal ba wanda ya taɓa furta su a Turanci, masu ilimi ne suka cusa su don burga. Kalmar bashi "dette" ce, an aro ta daga Faransanci lafiya lau. Wasu da suka ƙoshi da Latin suka tuna cewa tushenta "debitum" ne, suka soka mata "b", ta zama "debt". Haka aka yi wa "doubt". Aƙalla a nan sun gano tushen daidai. A kan "island" kuwa gyaran gangar Auzinawa aka yi. Kalmar 'yar gida ce, daga tsohon Turanci, ana rubuta ta "iland". Aka zaci 'yar'uwar "isle" ce wadda ta fito daga Latin, aka liƙa mata "s" ɗin da ba ta gada ba. Kuskure ne tsagwaronsa, amma yau in ka cire "s" ɗin kai za a ja wa jan biro.

Malaman Turanci suna da wata ƙa'ida da suke so: wai "i" ke zuwa kafin "e", sai dai in bayan "c" ne. Ɗalibi mai wayo zai kawo "weird" da "seize" da "science", malam ya kare kansa da karin maganar nan, "the exception proves the rule". Ana fahimtarta kamar cewa saɓa wa doka shi ke tabbatar da ita, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Asalinta magana ce ta lauyoyi a Latin. In ka ga an rubuta a ƙofar asibiti cewa ba a shiga dubiya bayan ƙarfe 6, togaciyar da kanta ta gaya maka ana shiga kafin nan. Iyakar ma'anarta ke nan, ba ta wanke ƙa'idar da ta ɓalle.

Sai tambayar da waya ta ƙara rura wa wuta: "colour" ko "color"? Duka biyun sun yi yawo a Ingila kafin ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ba mai "u" rinjaye. A Amurka kuwa Noah Webster, wanda ya yi imani cewa ƙasar da ta ƙwaci 'yancinta ya kamata ta mallaki salon rubutunta, ya zaɓi gajeren a ƙamus ɗinsa na 1828, tare da "center" da "defense". Ya so ya wuce nan, ya taɓa gwada "tung" a madadin "tongue" da "wimmen" a madadin "women", Amurkawa suka ce a kai kasuwa. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi amfani da sauƙaƙen rubutun kalmomi 300. Majalisa ta ƙi, jaridu suka yi ta yi masa ba'a, kafin shekara ta ƙare ya janye.

A ganina ƙin gyaran ba taurin kai ba ne kawai. In za a rubuta Turanci yadda ake furta shi, bakin wa za a bi, na Landan ko na Tekzas ko na Legas ko na Delhi? Wannan karkataccen rubutun shi ne abu guda da duka suka yi tarayya a kai. Wani lokaci ma kurman harafi yana da aiki: "g" ɗin da ya yi shiru a "sign" shi ke nuna zumuncinsa da "signature", inda yake buɗe baki.

Mu ma kada mu cika baki. Bokon Hausa yaro ne, an zauna an tsara shi a ƙarni na 20, haruffa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ sun shigo a shekarun 1930, dab da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Shi ya sa rubutu da furuci ba su yi nisa da juna ba. Duk da haka ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Baƙon da ya ga "gari" bai san ko na zama ba ne ko na tuwo, "kuka" kuma ko ta miya ce ko na hawaye. Mu ba ma ganin matsalar domin kunnenmu ya riga ya sani.

Don haka ɗalibi, Turanci da ido ake haddace rubutunsa, da kunne ake koyon furucinsa, kuma yawan karatu ne maganin na farko. Makarantunmu salon Ingila suke bi; ka riƙe shi, ka saita wayarka a kansa, kada ka gauraya shi da na Amurka a takarda ɗaya. Kai kuma malam, in yaro ya tambaye ka me "b" ke yi a cikin "debt", ajiye bulalar ka ba shi labarin. Tambayarsa tana kan hanya.