Yadda ake kare inji daga zafi: Daga filin tseren mota zuwa jiragen Tafkin Kainji

A ƙasashen Turai akwai ranakun da ake buɗe filayen tsere irin su Silverstone a Ingila da Nürburgring a Jamus ga masu motocin gudu, su biya kuɗi su gwada ƙarfin motocinsu. Ɗaya daga cikin matsalolin da ke tsayar da su ita ce zafin inji, domin motar da ta saba da tafiyar gari takan gaza idan aka danne totur na minti ashirin ba sassautawa.

Babu irin wannan fili a Yauri, amma akwai injunan da ke shan irin wannan wahala kullum. Akwai na jiragen ruwa da ke jigila tsakanin Yelwa da Warra da ƙauyukan Shanga da tsibiran Kogin Kwara, musamman ranakun kasuwa da lokacin bikin Rigata. Akwai kuma motocin haya da ke bin hanyar Kontagora zuwa Yauri, Koko da Jega da kaya niƙi-niƙi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce a ko'ina: inji yana rayuwa ne muddin ruwan da ke sanyaya shi yana gudana.

Daga ina zafin ke fitowa?

Injin fetur ba ya mayar da dukkan ƙarfin man da ya ƙona zuwa tafiya. Abin da ke juya taya ko farfela bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Kusan wani kashi ɗaya bisa uku yana fita ta salansa, sauran kuma yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma dole ruwa da baƙin mai da iska su kwashe shi. Gwargwadon yadda aka danne totur, gwargwadon man da ke ƙonewa da zafin da ke taruwa. Shi ya sa lodi mai yawa da gudu mai tsawo suke tona asirin duk wata ƙaramar matsala da ta ɓuya a hanyar ruwan inji.

Idan zafin ya wuce ƙima, kan injin, wanda galibi na alminiyom ne, yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, fistin ya kumbura ya cije a cikin silinda.

Mota: ruwa ɗaya ne ke zagayawa

A mota, famfon ruwa ne ke tura ruwa ya ratsa jikin inji ya ɗauko zafi, ya kai shi lagireto inda iska ke sanyaya shi, sannan ya koma. Yawancin injunan zamani suna aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi, wanda hakan kan ɗaga ma'aunin tafasar zuwa wajen digiri 120. Don haka murfin da robarsa ta mutu yana iya sa mota ta tafasa alhali komai nata lafiya lau.

Ruwan rijiya ko na kogi da ake ɗurawa a lagireto yana barin tsatsa da laka da ke toshe ƙananan bututunsa. Ruwan lagireto na kanti, wanda ake gauraya shi da tataccen ruwa, yana hana tsatsa. Wasu filayen tsere suna hana amfani da shi saboda santsin da yake yi idan ya zube a kwalta, amma ga motar haya shi ne mafi dacewa.

Akwai kuma al'adar cire tamostat da ta yaɗu a garejin Najeriya, bisa tunanin cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikinsa shi ne tsayar da inji a zafin da ya dace. Idan babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, ya yi saurin cinyewa. A wasu injunan ma cire shi kan sa wani ɓangaren ruwan ya riƙa zagaye lagireto ba tare da ya shiga ba. Idan ya lalace, a sauya shi da sabo.

Kafin doguwar tafiya, a duba yawan ruwa da na baƙin mai, da tiyo-tiyon ruwa, da fambel, a tabbatar fanka tana tashi, a kuma wanke ƙura da ƙaiƙayin da suka liƙe a fuskar lagireto.

Injin jirgi: kogin shi ne lagireto

Injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi, irin su Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15 ko 40 ko 75, ba shi da lagireto. Yana zuƙar ruwan kogi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke ƙafarsa, sama kaɗan da farfela. Wata roba mai fukafukai da ake kira imfela ce ke tura ruwan sama ya zagaye silinda, sannan ya fice. Wani ɗan kaɗan daga cikinsa yana tsartuwa ta gefen injin, kuma wannan siririn ruwa shi ne shaidar cewa famfon yana aiki.

Ruwa ne ke sanyaya imfelar kanta. Idan aka tayar da inji a tudu ba ruwa, ko da na ƙasa da minti ɗaya ne, fukafukanta na iya ƙonewa. Idan ta kakkarye, guntayenta kan shige hanyoyin ruwa su toshe su, saboda haka sai an zaƙulo su duka kafin a sa sabuwa. Ya kamata a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ga jirgin haya da ke aiki kullum, fiye da haka.

Abin da ruwan Yauri ke yi wa inji

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, Yauri ta kasance a kan iyakar arewa ta tafkin, inda kogi ke shigowa da duk abin da ya kwaso. Ruwa biyu ne ke cika tafkin. Farin ruwa yana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka da yashin damina. Baƙin ruwa kuwa yana isowa wajen Disamba zuwa Fabrairu daga tsaunukan Gini, bayan ya zubar da lakarsa a fadamun Mali. Lokacin farin ruwa ne yashi ya fi cin imfela da gidanta.

Daga nan zuwa farkon damina tafkin yana ja da baya da mitoci da dama. Wuraren da jirgi ke wucewa cikin sauƙi sai su zama marasa zurfi, ƙafar inji ta riƙa sharar ƙasa tana haɗiyar yashi. A irin waɗannan wurare a rage gudu, a ɗan ɗaga injin, amma kada ƙofofin ruwa su fito sarari. Ga kuma kainuwa da burugu da ledoji, waɗanda ɗaya daga cikinsu ta isa ta rufe ƙofar ruwa.

Mai da lodi

Injin jirgi na gargajiya, mai bugu biyu, ana gauraya masa fetur da mai na musamman. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 50 bisa 1, wato rabin lita na mai a tankin lita 25, sai dai littafin kowane inji shi ne alƙali. Wanda ya rage man don tsimi, ko ya zuba baƙin man mota a madadinsa, ya sayi araha da tsada, domin ringi da fistin ne za su biya. Man da aka yi domin injin jirgi yana ɗauke da alamar TC-W3.

Lodi fiye da ƙima yana hana inji kaiwa ga juyin da aka tsara masa, sai ya riƙa nishi yana tara zafi. Illar lodi ba ta tsaya ga inji ba. Hatsarin 26 ga Mayu, 2021 kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski, wanda ya ci rayukan mutane masu yawa, jami'ai sun danganta shi da cika jirgi fiye da ƙarfinsa. Jirgin da ya yi nauyi, injinsa kuma ya mutu a tsakiyar tafki lokacin iskar farkon damina, ba shi da yadda zai juya ya fuskanci igiyar ruwa.

Idan zafi ya riga ya kama

A jirgi, alamomin su ne raguwa ko ɗaukewar siririn ruwan nan, ko fitar tururi a madadinsa, ko raguwar ƙarfi. A sassauta totur nan take, a kashe injin, a ɗaga shi a cire abin da ya toshe ƙofofin. Wani lokaci ramin tsartuwar ne kawai ya toshe, kuma zaren kamun kifi mai kauri ya isa ya buɗe shi. Idan an sake tayarwa ruwa bai fito ba cikin 'yan daƙiƙu, a kashe, a koma ga filafili ko a nemi a ja jirgin.

A mota, idan allurar zafi ta haura, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauka gefen hanya. Idan tururi na fita, a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, domin tafasasshen ruwa na iya feso wa mutum a fuska. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, don ƙarfen na iya tsagewa.

Masu tseren mota sukan yi zagayen ƙarshe a hankali kafin su tsaya, saboda da zarar an kashe inji ruwa yana daina gudana, zafin kuma ya taru wuri ɗaya. Haka ya kamata direba da mai jirgi su yi: bayan doguwar tafiya, a bar inji ya yi minti biyu ko uku a silo kafin a kashe shi.