Masu Riƙe Linzamin Inji a Kano

A cikin tankunan ruwan da ke saman gidaje masu burtsatse a Gyadi-Gyadi da Tarauni, sau da yawa akwai wata 'yar roba mai shawagi a kan ruwa. In tanki ya cika, sai ta ɗago ta yanke wa famfo wuta. In ruwa ya ja baya, ta sunkuya ta sake kunna shi. Wannan shi ne tushen fannin da injiniyoyi ke kira kwantirol: a auna abin da ke faruwa, a gwada shi da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa. Shi ke riƙe ɗumin kwalbar bakwaini a asibiti irin na Malam Aminu Kano da ke bakin titin Zariya. Shi ne kuma ke tsare babban janareta a kan juyi 1,500 a minti, ko an ɗora masa kaya ko an sauke.

Ilimin ya daɗe. Tun ƙarni na 9 'ya'yan Musa bin Shakir su uku suka bayyana, a Bagadaza, tulunan da ke daidaita ruwansu da kansu. James Watt ya sa wa injin tururi gwamna, wato na'urar daidaita gudunsa, a 1788, James Clerk Maxwell ya yi lissafinta a 1868. Ƙungiya ce ta makara. Sai a 1957 aka kafa IFAC, ƙungiyar masu kwantirol ta duniya, a Paris, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma Ba'amurke Harold Chestnut ya zama shugaban farko, ɗan Tarayyar Sobiyet Alexander Letov ya gaje shi, aka kuma yi babban taron farko a Mosko a 1960. Ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta shigo da ƙungiya ɗaya tak. Duk shekara uku ake taron, bai kuwa taka nahiyar Afirka ba sai a 2014, da ƙungiyar SACAC ta Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncinsa a Cape Town.

Najeriya wata hanya ta bi. A 1958 wasu matasan injiniyoyi da ɗalibai 'yan ƙasar suka kafa NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, a Landan. A 1970 gwamnatin soja ta kafa hukumar COREN don yi wa injiniyoyi rajista, a 1992 aka gyara dokar ta haɗa har da masu fasaha da masu aikin hannu. Rassan sana'a kuwa sai suka bi tsarin sassan jami'a: masu gine-gine da hanyoyi da nasu, masu injuna da nasu, masu sinadarai da nasu, masu lantarki suna da NIEEE.

A nan mai kwantirol ya rasa takamaiman gida. Wanda ke saita bawul a matatar man Kaduna, da aka buɗe a 1980, cikin masu sinadarai ake lissafa shi. Wanda ke lura da na'urorin kariya a babbar tashar wuta ta Kumbotso ɗan lantarki ne. Wanda ke fama da tukunyar tururi a masaƙa, makaniki ne a takarda. Lissafi ɗaya suke yi, ciwon kai ɗaya suke sha, amma a zauruka daban-daban suke zama.

Duk wanda ya san fannin a Kano ya san ainihin makarantarsa masana'antu ne. A shekarun 1970 da farkon 1980, Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na alewa da na matsar mai. Yaro ya fito daga Kwalejin Fasaha ta Kano, ko sashen lantarki na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, sai a haɗa shi da wani dattijon ma'aikaci a gaban akwatin wuta. Ya buɗe murfi, ga rile jere suna ƙas-ƙas, ga kwantakta, ga taima, ga wayoyi kowace da lambarta. Dattijon ba zai zana masa lissafi ba. Zai ce, "Saurara, ka ji injin yana hawa yana sauka? Gwamna ce, an cika mata hannu." Ya juya ɗan sukuru kaɗan, ya jira, ya sake juyawa, har muryar injin ta zauna. Abin da injiniyoyi Ziegler da Nichols suka tsara a rubuce a 1942 ke nan, shi da kunne ya iya shi. Daga baya ƙananan kwamfutocin PLC suka maye gurbin rile, wasu dattawan suka koya, wasu suka bar wa yara.

Sai tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada. Ƙarancin wuta da atamfar waje mai araha suka ƙarasa masaƙu. Abin da ba a cika lissafawa ba cikin asarar shi ne wannan koyarwa ta baki da baki. Ba wanda ya rubuta ta, ba zauren da ya tattara masu ita. Suka watsu cikin gari, wani ya koma naɗin kwayil, wani gyaran janareta da sitabilaiza, wani ya bar sana'ar ɗungurungum.

Jami'o'i, a nasu ɓangaren, gaba suka yi. An buɗe ta kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, Bayero ta kafa sashen mekatironik, ta Ahmadu Bello da ke Zariya tana ba da digiri na biyu a kwantirol. Malamai da dama sun je Malesiya da Ingila da tallafin TETFund sun dawo da digirin digirgir, suna buga bincike mai nauyi a mujallun duniya. Sai dai mafi yawan aikin a cikin manhajar kwamfuta ta MATLAB yake farawa, a nan yake ƙarewa, domin masana'antar da za a gwada shi an daɗe da garƙame ta. Wannan abin takaici ne, kuma ba laifin malaman ba ne.

Ba shugabanni Kano ta rasa ba. Injiniya Mustafa Balarabe Shehu, masanin lantarki, ya shugabanci NSE daga 2012 zuwa 2013, a 2023 kuma ya hau kujerar WFEO, tarayyar ƙungiyoyin injiniyoyi ta duniya. Injiniya Ali Rabi'u ya karɓi ragamar COREN a 2019, shekarar da NSE ta kawo babban taronta na ƙasa Kano. Amma a irin waɗannan tarurruka hanya da gada da layin dogo su ke cinye lokaci, tunda su ake gani da ido, su ake yanke wa ƙyalle. Aikin mai kwantirol sai ranar da ya lalace ake tunawa da shi.

Yanzu buƙatar ta dawo ta wata ƙofa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sola ta mamaye rufin shaguna da gidaje daga Court Road zuwa Unguwa Uku. Kowace inbata, kowace na'urar cajin batir, kwantirol ce tsagwaronta. Masu haɗa su galibi matasa ne da suka koya a shagon oga ko a YouTube, wasu daga teburin gyaran waya na kasuwar Farm Centre suka taso. Hannunsu yana da kyau, amma in batir ya kumbura ko inbata ta dinga yankewa da tsakar rana, canza kaya suke yi har a dace. Malamin da ya san dalilin yana sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, ba su taɓa zama tare ba.

Manyan ayyuka ma na jiran irin waɗannan hannaye: matatar ruwa ta Tamburawa, tashar wutar madatsar Tiga, da bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda tashoshinsa ba za su yi aiki ba sai da masu saita ma'auni da bawul.

Ba sai an jira sabuwar doka ba. Reshen NSE na Kano da NIEEE suna da hurumin ware zama na masu kwantirol, ko sau ɗaya a wata, a kawo inbatar da ta ƙone a buɗe ta a kan tebur, malamin jami'a ya yi bayanin lissafi, mai shago ya faɗi abin da yake gani kullum, a gayyato tsofaffin ma'aikatan Bompai da Sharaɗa tun suna da ƙarfin zuwa. A wurin kuma a ajiye fom ɗin COREN, domin gurbin masu aikin hannu yana cikin dokar tun 1992, kuma da yawa daga matasan sola ba su san da shi ba.